Gajiya Tana Faɗin Gaskiya Kuwa?

Tun 1921 ake tseren Comrades a Afirka ta Kudu, tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90 na hawa da gangara. Awa 12 ake ba kowa, in lokaci ya cika a harba bindiga a tare hanya, ko da saura taku biyu mutum ya iso. Duk wanda ya shiga irin wannan tsere sai ya kai inda jikinsa zai ce masa ya tsaya. Tambayar da ke gabansa a nan malaman tarbiyya sun daɗe suna juya ta: wannan murya nasiha ce ko son rai? A ganina gajiya shaida ce a gaban alƙali. Dole a saurare ta, a auna maganarta, kuma babu mai ikon toshe mata baki.

Da can an ɗauka tsoka ce ke ƙarewa, sai mutum ya tsaya. Tim Noakes na Jami'ar Cape Town, wanda shi kansa ya sha gudun Comrades, ya ce ƙwaƙwalwa ce ke rage wa mutum ƙarfi tun jiki bai kai ga cutuwa ba. Hujjarsa kowa na iya gani da ido: wanda ke jan ƙafa a kilomita na 80, da ya hango ƙarshe sai ya zabura. Ina ƙarfin ya ɓuya? A 2009 Samuele Marcora a Jami'ar Bangor ya sa mutane aikin kwamfuta mai cin ƙwaƙwalwa na minti 90, sannan ya ɗora su kan keken gwaji. Sun sare da wuri da kusan kashi 15 cikin ɗari idan aka kwatanta da ranar da ba su yi aikin ba, alhali bugun zuciyarsu bai nuna wani bambanci ba. Masanan biyu sun saɓa kan yadda abin ke faruwa, amma sun haɗu a kan cewa gajiya takan yi ƙari.

Wani zai ce, to in haka ne duk tsayawa ragwanci ne, namiji sai ya danne ya wuce. Tom Simpson ya bi wannan hanya a tseren keke na Faransa a 1967. Ya sha ƙwayar amfetamin, ya hau dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, ya faɗi, aka mayar da shi kan keke, ya sake faɗuwa, bai tashi ba. Ƙwayar ba ta ƙara masa jini ko ruwa ba, gargaɗin kawai ta kashe. Mai ƙari a magana yakan faɗi gaskiya wata rana, kuma ranar ce rai ke kan gargara.

Daga ɗaya ɓangaren mai addini zai ce jiki amana ne, me ya kai mutum azabtar da shi? Yana da madogara. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Zainab ce, tana riƙewa in ta gaji da sallar dare, sai ya sa a kwance, ya umarci mai salla ya zauna in ya gaji. Amma a lura da abin da aka kwance: dabarar tsayar da jiki bayan ya riga ya ce a'a. Wahala ita kanta ba a hana ta ba, ga azumi ga aikin hajji. A wata ruwayar Ibnu Umar, an yi sukuwa a Madina, dawakin da aka horar aka ba su nisan mil biyar ko shida, waɗanda ba a horar ba mil ɗaya kacal. Nisa ya bi horo. Haka masu horar da 'yan gudu suke yi yau: yawancin atisaye a hankali ake yi, a jera dogon gudu kwana biyu don mutum ya san ɗanɗanon gajiyar da ba ta kisa, sannan a sassauta mako biyu ko uku kafin tsere, domin a lokacin hutu jiki ke gina abin da gudu ya rusa. Wanda ya yi haka ya ba amana haƙƙinta.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wannan: alƙalin kansa, wato hankali, yakan bugu. Zafin jiki in ya wuce kima hankali yake fara taɓawa, haka ma ƙarancin gishiri a jini da shan ruwa fiye da kima ke jawowa. A 1954 a Vancouver, Jim Peters ya shigo fili a ƙarshen tseren dogon zango yana gaban kowa da nisa, ya yi ta faɗuwa yana tashi, bai kai layi ba, bai kuma sake tsere ba. A wannan hali wa zai auna shaida? Na yarda mutum shi kaɗai ba zai iya ba. Shi ya sa nake ganin hukuncin ƙarshe dole a miƙa shi ga wani tun hankali na nan. A tseren Marathon des Sables, kusan kilomita 250 cikin Saharar Maroko, likitoci na da ikon cire mai gudu ko yana so ko ba ya so, kuma da saninsa ya shiga kan wannan sharaɗi.