A Ƙofar Wa Ake Zuba Shara?

Ya ku 'yan'uwa matasa, ga tambayar da ya kamata mu auna: idan gari ya tara shararsa, a ƙofar wa ake zuba ta, kuma wa aka shawarta kafin a zuba?

Mu duba unguwar Park Hill da ke tsibirin Staten Island a birnin New York. Mazaunanta galibi baƙaƙen fata ne da baƙi, musamman 'yan Laberiya da yaƙin 1989 ya koro. Unguwar tana arewacin tsibirin, ɓangaren da masana'antu suka bar wa guba. A Port Richmond, masana'antar farar dalma ta Jewett ta bar dalma cikin ƙasa. A can ne kuma aka taɓa ajiye kimanin tan 1,200 na ƙasar yuraniyom da aka haƙo a Kwango, lokacin yaƙin duniya na biyu. A 2009 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa arewacin tsibirin cikin yankuna 10 da ta ware domin gyaran wannan rashin adalci.

To, a tsibirin nan dai akwai babban jujin Fresh Kills, wanda aka buɗe a 1948. Maƙwabtansa suna da ƙuri'a da wakilai masu faɗa a ji. Suka matsa, aka yi doka a 1996, aka rufe shi a 2001. Ashe ba warin juji ke sa a kwashe shi ba, sai nauyin muryar wanda yake damu.

Wani zai ce: ai iska ba ta tambayar launin fata, me ya kawo zancen launi cikin tsafta? Gaskiya ne iska ba ta zaɓe. Amma mutane ne ke zaɓar inda za a kafa masana'anta, kuma sukan zaɓi inda ba za a yi musu gardama ba. Wannan ne ya sa baƙaƙen fata na Warren County a jihar North Carolina suka kwanta kan hanya a 1982 don hana motocin guba wucewa.

Saboda haka adalci bai tsaya ga raba tsintsiya ranar aikin gayya ba. Wanda ake kira ya yi shara amma ba a kiransa wurin shawara, ɗan ƙwadago aka mai da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma mu ma mu binciki kanmu. Zangonmu ya tara Bahaushe da Bazabarme, da Dagomba da Kotokoli, da Mosi da Bafulatani. Idan za a yashe kwata a Nima ko Sabon Zango, da wane yare ake taron? Matan da ke share ƙofar gida kullum asuba, suna da kujera a kwamiti? Maƙwabcinmu Kirista fa, an aika masa? Ba zai yiwu mu yi kukan an ware mu a waje, alhali muna ware wasu a gida ba.

Ƙasa amana ce a hannunmu duka. Mu nemi kujera inda ake yanke hukunci, in mun samu kuma mu matsa wa na kusa da mu ya zauna. Allah Ya sa mu dace.