Butulci ga Mazan Jiya

Butulci shi ne mutum ya ci moriyar wahalar wani, sannan ya yi kamar bai san an yi ba. Akwai na mutum ɗaya, akwai na al'umma. Na al'umma ya fi wuyar magani, domin kowa na da hannu a ciki amma babu wanda za a kama da laifin. Irinsa ne ake yi wa mazan jiya.

Kano na da nata kason a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi ta ruwa cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri da Hartum har Masar. Jirgin jefa bam samfurin Blenheim ne ke jan gaba, ƙanana na biye da shi, kuma fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. A ƙasa kuwa, samarin Arewa sun shiga Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi a ƙasar Bama tsakanin 1943 da 1945, da yawansu suna ratsa dazuzzukan Kaladan da kaya a ka. Hausa ce harshen bariki a lokacin.

Sakayyar ba ta kai wahalar ba. A rundunar sojan saman Ingila kanta, ma'aikatan jiragen jefa bam 55,573 ne suka mutu, amma sai a 2012 aka buɗe musu wurin tunawa a Landan. Sojan Afirka ya fi su shan mantuwa: albashinsa bai kai na Bature ba, sunansa ma da ƙyar ya shiga littattafan tarihi.

Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta san illar wannan hali. A can ana ba ɗan kasuwa kaya bashi da baki kawai, dillali na shaida. Wanda ya manta uban gidan da ya ɗora shi a rumfa, labarinsa kan riga shi zuwa kowane layi, daga nan ba mai sake amince masa. Ƙasa ma haka take. Matashin da ya ga tsohon soja na jiran fansho cikin rana, da lambobin yabo a ƙirji da takardu a leda, ya riga ya san abin da ke jiran wanda ya ba da ransa.

Nijeriya na tunawa da mazan jiya kowace ranar 15 ga Janairu, ana ajiye furanni, ana fareti. Yaba kyauta tukwici ne, amma tukwicin yini ɗaya ba ya sauke nauyi. Godiya ta gaskiya ita ce biyan haƙƙi kan lokaci, kula da matan mamata da marayunsu, da rubuta labarin tsofaffin sojoji daga bakinsu tun suna raye.