Sakin Sanda

A gabashin tsibirin Unguja na Zanzibar akwai ƙauyen Paje, mai farin rairayi da ruwa marar zurfi. Daga Yuni zuwa Satumba, idan iskar da mutanen wurin ke kira kusi ta taso daga kudu, sai sama ta cika da laimomin iska na masu wasa a kan ruwa. Mai wasan yakan tsaya a kan allo da ɗamara a ƙugu, laimarsa na can sama a ƙarshen igiyoyi masu tsawon fiye da mita 20, yana juya ta da sanda. In ya jawo sandar jikinsa, laimar ta ƙara ja. In ya tura ta gaba, ta sassauta.

Akwai wani saurayi ɗan ƙauyen da ke wanke kaya a wata makarantar koyon wasan, har ya koya, ya kuma gwanance. Abu ɗaya ya raina. Kullum kafin a shiga ruwa malaminsa kan sa ɗalibai su maimaita matakan kuɓuta a kan rairayi: a saki sanda, in bai isa ba a tura jan maɓallin da ke gaban ɗamara don laimar ta rasa iska ta faɗo, in har yanzu tana ja a kwance igiyar ƙarshe a bar ta ta tafi. Shi gani yake wannan aikin sababbi ne.

Wata rana da yamma ya ari babbar laimar makarantar, irin wadda ake tayarwa in iska ba ta da ƙarfi. Wani tsohon masunci da ke jan kwalekwalensa zuwa tudu ya tsaya ya dube shi.

"Ɗana, ka ga hadarin can?"

"Na gani, Baba. Kafin ya iso na fito."

"To, mu dai mun fito da jiragenmu."

Bai yi nisa ba iskar gaban hadari ta iso. Iska kuwa in gudunta ya ninka biyu, ƙarfin janta sau huɗu yake ninkawa. Laimar ta fizge shi sama, ta maka shi da ruwa, allon ya kuɓuce, ta shiga jansa rub da ciki zuwa gonakin ciyawar teku, inda matan Paje ke kafa turaku jere-jere suna ɗaure igiyoyin shuka. Ruwan teku da ya janye ya fara dawowa, amma wasunsu ba su gama kwashe kaya ba.

Ya ƙanƙame sandar. Ni ban ga laifinsa a nan ba, domin duk wanda ya ji zai halaka abin da ke hannunsa yake riƙewa. Sai dai kowace ƙanƙamewa ƙara wa laimar ƙarfi take yi. Ga kuma wani tunani da ya fi wannan muni: laimar ba tasa ba ce, kuɗinta ya fi albashinsa na watanni.

Da ya ɗago kai ya hango wata mata tsaye tsakanin turaku da buhu a ka, sai ya buɗe hannuwansa. Jan bai tsaya ba. Ya lalubi maɓallin, bai same shi ba, ya sake lalube yana shan ruwan gishiri, sannan ya tura. Laimar ta yi laƙwas ta faɗo kan turaku, ta yage gida biyu. Tsakaninsa da matar bai fi taku goma ba.

Malamin bai yi masa faɗa ba. Cewa ya yi, "Sau nawa ka lalubi maɓallin?"

"Sau biyu, Malam."

"Gobe da safe ka same ni a rairayi."

Sai da iskar da ake kira kaskazi ta kama a Disamba kafin ya gama biyan kuɗin laimar. Yanzu shi ke karɓar sababbin ɗalibai, kuma ba wanda ke taɓa ruwa sai ya tura jan maɓallin nan idonsa a rufe. In ya ga masunta suna jan jiragensu zuwa tudu da rana tsaka, yakan fara naɗe igiyoyi.