Idan Aka Ɗora Mana Wanda Bai Cancanta Ba

'Yan'uwa, daga Sakatariyar Tarayya har shagunan kasuwar Wuse, kukan ɗaya ne: mutum ya shekara 10 yana aiki, sai a ɗora masa wanda shi ya koya wa, don yana da uwa a gindin murhu. Da ciwo kam. Mu kai ƙorafi a rubuce, amma kada mu lalata aiki don huce haushi. Albashi sai da gumi yake halatta. Da Sayyidina Umar ya sauke Khalid bin Walid daga jagorancin runduna, Khalid bai ajiye takobi ba. Sannan mu tambayi kanmu: makullin shagonmu, wa muka ba? Yaron da ya riƙe amana, ko ɗan ƙanenmu?