Yaro a Gasar Manya: Kofin na Wa?

A shekara ta 1868, a filin Prestwick na ƙasar Sikotilan, an yi gasar golf da ake kira Open, wadda ta fi dukan manyan gasannin wannan wasa daɗewa. Zakaran da ke riƙe da kambi a lokacin shi ne Tom Morris, magidanci ɗan shekara 47, wanda ya riga ya ci gasar sau 4. Da aka gama lissafi sai ga shi ya zo na biyu. Wanda ya kayar da shi ɗan cikinsa ne, kuma takwaransa, yaro ɗan shekara 17. Aka bai wa yaron ɗamarar da ake bai wa zakara, kuma har yau ba a sami wanda ya ci wannan gasa da ƙarancin shekaru kamarsa ba.

Fiye da shekara 150 bayan haka, tambayar da wannan rana ta tayar tana nan da ranta a ƙananan kulob-kulob na Ingila da Sikotilan da Ailan. A can, duk wanda bai kai shekara 18 ba ana lissafa shi cikin yara, yana biyan kuɗin shiga kaɗan, yana da gasanninsa na ƴan'uwansa yara. Idan hannunsa ya nuna, sai ya nemi shiga gasar manya ta ranar Asabar ko Lahadi. Wasu kulob suna karɓarsa ba tare da sharaɗi ba, wasu suna hana shi gaba ɗaya. Akwai kuma masu bin hanya ta uku: yaro ya shiga, ya buga, amma ko ya fi kowa ba za a ba shi babban kofi ba, ba za a rubuta sunansa a allon zakaru da ke rataye a zauren kulob ba. Wannan hanya ta uku ita ce abin dubawarmu, domin ita ce ta fi kama da sulhu, alhali ita ce ta fi nisa da adalci.

Sai mun fahimci wasan kafin mu yanke hukunci. Fili yana da rami 18. Ɗan wasa yana bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ya wuce na gaba, kuma wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Domin gwani da ɗan koyo su iya karawa, an ƙirƙiro wani tsari na rangwame: ana cire wa kowa wasu bugu gwargwadon rauninsa. Mai rangwamen 18 idan ya gama da bugu 88, an rubuta masa 70. Mai rangwamen 2 idan ya gama da 73, an rubuta masa 71, ke nan na farko ya ci. Ma'ana, tun asali wannan wasa ya tanadi ma'aunin da zai haɗa marasa daidaiton ƙarfi a fage ɗaya.

Manyan da ke ƙin a bai wa yaro kofi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Suna cewa hannun yaro yana ƙaruwa da sauri fiye da yadda lissafi ke bin sa: a babban hutun makaranta yana wuni a fili, alhali ma'aikaci sau ɗaya yake zuwa a mako, saboda haka rangwamen yaron na jiya ne, ƙwarewarsa kuwa ta yau ce. Suna cewa kuɗin manya ne ke biyan masu gyaran ciyawa da ban ruwa. Suna kuma cewa mutumin da ya yi mako yana aiki yana da haƙƙin ya sami safiya ɗaya tare da tsaransa, ya saki baki ya yi raha ba tare da yana taka-tsantsan saboda ɗan wani ba.

Hujja ta farko magana ce ta lissafi, kuma lissafi ke warware ta. Tun shekara ta 2020 hukumomi biyu masu kula da dokokin wasan, R&A ta Sikotilan da USGA ta Amurka, sun fito da tsari guda na duniya: ana duba wasanni 20 na ƙarshe da mutum ya yi, a ɗauki 8 mafi kyau a fitar da matsakaicinsu, kuma wanda ya yi wasan da ya zarce matsayinsa ƙwarai ana ƙara rage masa rangwame. Idan ma'auni ya karkace, gyaransa ake yi, ba a korar mai kaya daga kasuwa. Sauran hujjoji biyu kuwa suna iya zama dalilin ware wasu ranaku ko wasu gasanni na manya zalla. Wannan gaskiya ce a fili, kuma yaro zai gane ta. Amma ba ɗaya cikinsu da ke halatta a kira shi fage, a karɓi kuɗin rajistarsa, sannan a ce nasararsa ba nasara ba ce.

A gasar kulob babu alƙalin wasa da ke bin kowa. Kowane ɗan wasa abokin tafiyarsa ne ke rubuta masa yawan bugunsa a takarda, a ƙarshe su biyu su sa hannu. Idan ƙwallo ta motsa cikin ciyawa ta dalilinka ba wanda ya gani, kai ne za ka kai ƙarar kanka. A cikin littafin dokokin babu babin da ya rage wa yaro hukunci saboda shekarunsa. A shekara ta 2013, wani yaro ɗan ƙasar Sin mai suna Guan Tianlang ya shiga gasar Masters a Amurka yana da shekara 14. A rana ta biyu aka ƙara masa bugu ɗaya na horo saboda jinkiri. Ya karɓi hukuncin, ya kuma tsallake zuwa ranakun ƙarshe da ƙyar, ya zama mafi ƙuruciyar wanda ya taɓa yin haka a wannan gasa. Dokar da ta hore shi kamar babba ita ce ta buɗe masa ƙofa kamar babba. To, da wane baki za a ce wa yaron kulob: gaskiyarka ta isa mu yarda da lissafin da ka kawo, laifinka ya isa mu ci tararka, amma nasararka ba ta isa mu rubuta ta ba?

Abin da ke ƙarƙashin wannan doka sau da yawa shi ne ɗacin da babba ke ji idan na ƙasa da shi ya wuce shi a gaban jama'a. Mu Hausawa mun san wannan ɗaci, mun kuma san cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai dai wannan karin magana kan hangen nesa take, ba ta ce babba ya fi yaro ƙarfin damtse ko saitin ido ba. Girman dattijo yana cikin abin da ya sani game da rayuwa da yadda yake riƙe kansa, kuma bugu 70 na ɗan shekara 15 ba ya taɓa wannan ko kaɗan. Ranar da babba ya sa doka domin ya tsare wa kansa kofin da yaro ya ci, ranar ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan ƴan tsaki.

Wannan ba ya nufin a saki yaro cikin manya kamar an saki akuya a gona. Yana da haƙƙin kariya: a haɗa shi da mutanen kirki, kada a sa shi cikin caca, kada iyaye su ɗora masa nauyin burinsu. Ana iya raba suna da kuɗi. A shekara ta 2012 Lydia Ko ta ƙasar Niyu Zilan ta ci babbar gasar mata ta Kanada tana da shekara 15. Da yake ba ta shiga sahun masu wasa don sana'a ba, ba ta karɓi kuɗin kyautar ba, ta biyu ce ta karɓa. Amma kofi nata ne, sunanta ne kuma a tarihin gasar. Kulob yana iya musanya wa yaro kyautar da ba ta dace da shekarunsa ba. Abin da ba shi da ikon musanyawa shi ne amsar tambayar: wa ya ci?

Malamin makaranta ya san wannan mas'ala ko da bai taɓa riƙe sandar golf ba. Ya san ranar da ɗalibi ya ɗaga hannu ya gyara masa lissafi a allo, aji ya yi tsit ana jiran a ga abin da zai yi. Shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta marubuta ya san ranar da aikin ƙaramin mamba ya fi na waɗanda suka kafa ƙungiyar. Abin da babba ya yi a wannan rana ya fi darasin shekara guda zama a zuciyar yara. Idan ya karkatar da doka, ya koya musu cewa doka baiwar mai iko ce, kuma za su riƙe wannan har ranar da iko ya zo hannunsu. Idan ya ce “ka yi daidai”, ya koya musu cewa akwai ma'aunin da shi kansa yake ƙarƙashinsa.

Saboda haka kulob yana da zaɓi biyu masu mutunci: ya ce wa yaro wannan gasa ba taka ba ce tukuna, ko ya buɗe masa ita har zuwa allon zakaru. Shi kuwa yaron da ya ci, akwai abin da ya rage masa ya koya daga waɗanda ya kayar: yadda ake cire hula a miƙa hannu bayan rami na 18, da yadda ake dawowa fili mako mai zuwa bayan an sha kaye. Zai buƙaci wannan ilimi, domin wata Asabar tana tafe da wani ƙaramin yaro zai wuce shi.