Wa Zai Shaidi Daddawa?

A kasuwa yanzu abinci iri biyu ne, akwai mai takarda, akwai marar takarda. Gishirin leda da man kwalba da dunƙulen miya suna zuwa da rubutu a jikinsu, har da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Daddawa da kuka da zogale kuwa a faifai suke, ba rubutu. Da yawa cikinmu mun soma ɗaukar mai takarda abincin wayayyu, marar takarda kuma abincin ƙauye. 'Yan'uwa, ko wannan hukunci daidai ne?

Kada mu rena takardar, gama shaida ce. Ita ke gaya mana an sa aidin a gishiri, abin da ke hana maƙoƙo. Alamar ido a jikin mai ko sukari tana nuna an ƙara bitamin A, mai tsare idanun yara.

Amma mai shari'a na gari yakan ji shaida har ƙarshe. Mu kuwa mukan dubi hoto, mu bar ƙananan baƙaƙe. Wanda ya karanta jikin dunƙulen miya galibi zai tarar gishiri ne na fari a jeri, domin shi ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, saboda hawan jini. Daddawa daga kalwa take, tana gina jiki. Wani kamfani yakan zana koren ganye a ledarsa don a ce yana tausayin ƙasa, ledar kuma ta ƙare a cikin akuya. Ɗorawa fa? Tana tsaye a gona shekara da shekaru, tana ba da inuwa da abinci, ba ta taɓa yabon kanta ba. Zogale ma mun rena shi, sai da muka ga garinsa cikin kwalba da Turanci.

Mu tuna da Daniyel da abokansa a Babila. Suka ƙi abincin sarki mai babban suna, suka ci ganye da ruwa kwana 10, aka same su sun fi sauran samari lafiya. Idan mun kunyata abincin iyayenmu don ba shi da rubutu, mun rena kyautar Allah, mun kuma kashe sana'ar gwauruwa da ke ciyar da marayunta da daddawa.

Akwai magana ga masu sayarwa kuma. 'Yar'uwa mai faifai ba ta da takarda sai sunanta. In ta zuba launi a manja, ko ta lanƙwasa gindin mudu, shaidar ƙarya ta yi, ta kuma kori mutane zuwa leda. Bari gaskiyar mai bi ta zama takardar kayansa.

Ubangiji ya ba mu idon ganewa. Amin.