Wanda Ya Ɓata Ƙasa, Shi Zai Wanke Ta



Littafin Farawa, sura 2 aya 15, ya koya mana cewa Allah ya sa mutum a gonar Adnin domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta. Noma kam mun iya. Kiyayewar ce muke yawan mantawa.

Bari mu ɗauki darasi daga ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas. An fara haƙar man fetur a can a 1958, aikin ya tsaya a 1993, amma man da ya malala ya ci gaba da cin gonaki da rafuka. A 2005 aka ɗora wa Bishop namu, Matthew Hassan Kukah, tun yana Fada, nauyin sasanta mutanen Ogoni da kamfanin Shell. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta. A Nsisioken Ogale an iske jama'a suna shan ruwan rijiya mai gubar benzin, mai haddasa ciwon daji, har ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Rahoton ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin a Bodo.

Ku dubi yadda ake wanke irin wannan ƙasa. Ana haƙe ta, a baza ta, a zuba mata taki, a riƙa juya ta ana yayyafa ruwa, har ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye man sannu a hankali. Rufe ta da sabon yashi ba gyara ba ne, gama man zai nutse ya tarar da ruwan rijiya. Haka zunubi yake. Wanda aka binne yana nan yana aikinsa a ɓoye. Wanda aka tono aka furta a gaban Fada, shi alherin Allah ke warkarwa. Tuba kuma ba ta cika sai da ramuwa, kamar yadda Zakka ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu na abin da ya ƙwace (Luka 19).

Kada mu ce wannan zancen mutanen kudu ne. Daga Lahodu zuwa Wurno, Rabah da Goronyo, abincinmu yana fitowa ne daga fadama da ruwan gulbin Rima. Kowane rani injinan ban ruwa suna aiki a gonakin albasa da shinkafa. Ina muke zubar da baƙin man da muka juye daga cikinsu? Ina na garejin makanikai, da injin niƙa, da janareton coci ke tafiya? In damina ta sauka, ruwa zai kwashe shi zuwa rijiyar maƙwabci, Kirista ne ko Musulmi, zuwa ruwan da muke yi wa 'ya'yanmu baftisma da shi. Paparoma Francis, a wasiƙarsa ta Laudato Si' ta 2015, ya tuna mana cewa matalauta ne suka fi shan wahalar lalacewar muhalli.

Saboda haka muna roƙon kowace Ikilisiya ta yi waɗannan: a tara baƙin mai a jarka mai murfi, a canja man inji nesa da rijiya da bakin gulbi, inda ya riga ya zuba, a kankare ƙasar a kai ta tudu, nesa da ruwa. Katikis da Zumuntar Mata su bayyana wa jama'a wannan bayan Mas. Rigakafi ya fi magani.

Ubangiji ya ba mu zuciyar tuba da hannun gyara, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.